ZAWON ƘANANAN YARA DA AMANAR DA KE WUYAN IYAYE A ILLELA DA KEWAYENTA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam a kan rauni, kana Ya sanya tausayinsa cikin zukatan mahaifansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako filinmu zai juya ga wata cuta wadda ta daɗe tana ɗauke mana jarirai a ɓoye, ba tare da an yi mata shela irin wadda akan yi wa kwalara ko ƙyanda ba, watau zawo da amai na ƙananan yara. Mun ɗauki Illela a matsayin misali, domin gari ne na bakin iyaka da ke arewa da Sakkwato, daura da Birnin Ƙwanni ta ƙasar Nijar, inda kowace Lahadi kasuwa kan tara fatake da dillalan dabbobi daga wurare masu nisa. Inda mutane ke cuɗanya haka, ana cin abinci a kwano ɗaya, ana sha a moɗa ɗaya, to abin da ya sami gida guda ba ya daɗewa bai leƙa maƙwabta ba. Cuta kuwa ba ta tsayawa a shingen kwastan ta nuna takarda.

MECE CE WANNAN CUTA?

Abubuwan da ke kawo zawo suna da yawa, amma masana sun tabbatar cewa a cikin masu kawo zawo mai tsanani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, wata 'yar ƙwayar cuta mai suna Rota tana sahun gaba. Wata masaniya, Ruth Bishop, da abokan aikinta ne suka fara gano ta a cikin hanjin yara a asibitin yara na birnin Melbon ta ƙasar Ostareliya a shekarar 1973. A shekarar 1974 aka raɗa mata suna Rota, watau ƙafar keke da harshen Latin, saboda in an dube ta a madubin likita mai ƙarfi siffarta kamar ƙafar keke take.

Ƙwayar tana fita ne cikin kashin yaron da ya kamu, ta maƙale a hannun uwa ko na mai raino, ko a tabarma, ko zanen goyo, ko cokali, daga nan ta shiga bakin wani yaron. Kaɗan ƙwarai daga cikinta ya isa ya kwantar da yaro, kuma takan yi kwanaki a jikin kaya ba ta mutu ba. Bayan kamar kwana biyu da shigarta sai zazzaɓi da amai su fara, sa'an nan zawo tsululu kamar ruwa ya biyo baya, wanda kan ɗauki kwana 3 zuwa 8. Aikinta shi ne ta lalata shimfiɗar cikin ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse ruwa da abinci, sai ya zama abin da yaro ya sha ba ya zama, har ma ruwan jikinsa ya riƙa kwarara waje. Ta fi tsananta ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 2, kuma kusan kowane yaro a duniya yakan gamu da ita kafin ya cika shekara biyar. A ƙasashenmu ta fi yawa lokacin hunturu, saɓanin kwalara da ta fi ɓarna da damina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2013 kaɗai wannan ƙwaya ta kashe yara kimanin 215,000, kuma kusan rabinsu a ƙasashe huɗu ne: Indiya, Nijeriya, Pakistan da Kwango ta Kinshasa. Ashe ke nan maganar ba ta wasu mutane ba ce can nesa, tamu ce.

ABIN DA KE KASHE YARON

A nan akwai abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe: abin da ke kashe yaro a wannan ciwo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Jikin jariri kamar ɗan ƙaramin tulu ne, in ya huje ba ya daɗewa bai tsiyaye ba. Abin da babba zai yi kwana uku yana jurewa, jariri yana iya galabaita da shi cikin yini da kwana.

Alamomin ƙarewar ruwa ba su da wuyar ganewa. Idanun yaro sukan zurma, bakinsa ya bushe, ya yi kuka ba hawaye, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, maɗigarsa ta lotsa, in an ɗan tsunkuli fatar cikinsa an saki ba ta komawa da sauri. Da fari zai riƙa ƙishirwa da rigima, in abin ya yi nisa sai ya yi laƙwas, ya kasa ko kama nono. Sau da yawa in an ga maɗiga ta faɗa sai a ce ciwon a ka yake, a dama magani a shafa mata. Alhali kuwa maɗigar shaida ce kawai take bayarwa cewa ruwa ya ƙare a jiki, kuma ba ta tasowa sai an mai da ruwan ta baki ko ta jijiya.

Haka nan mun saba da cewa zawon haƙori ne, in haƙorin ya fito zai tsaya. Gaskiyar al'amari ita ce lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro ke rarrafe, yana kai duk abin da ya samu baki, ana kuma fara ba shi kunu da koko, kariyar da ya gado daga uwa tana raguwa. Haƙori ya sha zargi ne a kan laifin wani. Yara da yawa sun tafi ana zaman jiran haƙori.

MATSAYIN NEMAN MAGANI A MUSULUNCI

Malaman Usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Jaririn da ke kwance da zawo ya haɗa biyu daga cikinsu, ga rai ga zuriya. Ya kuma tabbata cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu babu wata cuta da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. A wani hadisin kuma ya umarci bayin Allah da su nemi magani.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ne, wanda kwanansa ya ƙare ba mai tsai da shi. Wannan gaskiya ne, amma sai mu tuna da abin da ya faru ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa barin wuri mai cuta zuwa wuri mai lafiya shi ma cikin ƙaddarar Allah yake, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe. Mutumin Illela da ke kiwo ya fi kowa gane wannan misali. Ba mu taɓa ganin wanda saniyarsa ta kwanta ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ba, sai ya nemo malamin dabbobi ko da tsakar dare ne. To ɗan da ya haifa fa?

Mu a wannan ƙasa muna da gado a kan haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da ɗawainiyar daula sai da ya wallafa littattafai a kan ilmin likita, har da waɗanda suka shafi ciwon ido da basur. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana aika jajoji ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Wanda ya ce neman ilmin lafiya baƙon abu ne ga Musulmin Sakkwato, lalle bai san tarihin gidansu ba.

RUWAN GISHIRI DA SUKARI

Daga cikin rahamar Ubangiji, maganin da ya fi ceton rai a wannan ciwo yana cikin mafi araha. Masana sun gano cewa ko hanji ya yi rauni, in gishiri ya haɗu da sukari bisa ma'auni daidai, sukarin yakan ja gishirin ya shiga jiki, ruwa kuma ya bi su. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama wannan haɗi ana ba majinyata ta baki, sai mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A wajajen 1980 zawo yana kashe yara fiye da miliyan huɗu kowace shekara a duniya, a 'yan shekarun nan kuwa adadin ya komo ƙasa da rabin miliyan, kuma wannan ruwa yana da babban rabo a cikin nasarar.

Mafi inganci shi ne garin da ake samu a asibiti ko kemis cikin 'yar leda, wanda aka sani da O.R.S. A juye shi duka cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, mafi yawa lita ɗaya, ruwa mai tsabta ko wanda aka tafasa ya huce. In ba a samu ba, a auna ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, ba a tsoro ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dama cikin lita ɗaya. Kada a ƙara gishiri da nufin ƙara ƙarfi, domin yawansa illa ne ga yaro. Wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya haura haka a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo.

A shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙara da cewa a haɗa da ƙwayar zink har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya: miligiram 20 kullum, ko miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma taimakawa wajen hana shi dawowa da wuri.

Amma Flagyl da kafso da ake saye a tire ko a kemis ana fasawa ana ɗura wa jarirai, ba su da wani tasiri a kan ƙwayar Rota. Magungunan tsai da zawo na manya kuwa haɗari ne ga yaro. Sai likita ya duba ya ga akwai buƙata, kamar in an ga jini cikin kashi.

A GARZAYA ASIBITI IN AN GA WAƊANNAN

In yaro ya kasa sha ko kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko yana jijjiga, ko akwai jini a kashinsa, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun zurma ƙwarai, to zaman gida ya ƙare. A kai shi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Illela, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya in yana iya sha. Haka kuma duk jaririn da bai kai wata 2 ba, da yaron da ke da tamowa, ba a jinkiri da su.

A nan muna kira ga magidanta da babbar murya. Sau da yawa ciwon yakan taso maigida yana kasuwa, ko ya ƙetara Ƙwanni, ko ya tafi ci-rani, uwa tana kallon ɗanta yana shiɗewa amma tana tsoron fita ba izini. Ya ɗan'uwa, ba matarka izini tun yau, kafin buƙata ta zo, cewa duk ran da yaro ya shiga irin wannan hali ta ɗauke shi ta tafi, ka kuma ajiye mata ɗan kuɗin mota da na magani. Manzon Allah ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo. Surukai da kakanni su ma su ji tsoron Allah, kada su ce ai mu haka muka yi renon namu, domin su suka fi kowa sanin nawa suka haifa, nawa kuma suka rayu.

NONON UWA

Alƙur'ani Mai Girma, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ya sanya cikar shayarwa shekara biyu, ya kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji kukan wani jariri da dare a Madina, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne don ba a yanka wa yaro rabo daga Baitulmali sai an yaye shi. Nan take ya sauya doka, ya sa a riƙa ba kowane jariri tun daga haihuwa. Dubi yadda shugaba ya ɗauki nonon jariri a matsayin al'amarin mulki.

Likitocin zamani sun zo sun tarar da hikimar. Nonon uwa yana ɗauke da sinadaran kariya, musamman dakashi, watau nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, alhali shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri. Shawarar masana ita ce nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, daga nan a haɗa da abinci har shekara biyu. In zawo ya kama yaro a ƙara ba shi nono, kada a rage. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kunu da abinci mai laushi, domin hana shi abinci shi ke kai shi ga tamowa. Mai shayarwa kuma in ta ji wa ɗanta tsoro cikin Ramadan, ba ta sami mai shayar mata ba ko yaron ya ƙi karɓar wata, littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ba ta damar ta sha azumi ta ciyar, sa'an nan ta rama daga baya.

Game da zuma, hadisi ya inganta cewa Manzon Allah ya umarci wani mutum ya shayar da ɗan'uwansa zuma saboda ciwon ciki. Ibnul Ƙayyim ya yi bayani cewa ciwon mutumin daga cushewar abinci ne, kuma magani yana tafiya ne da gwargwado da halin majinyaci. Likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma, saboda hanjinsa bai yi ƙwarin da zai iya da wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba. Addu'a da tofi kuwa alheri ne, a yi su tare da magani. In za a wanke rubutu, a wanke da ruwa mai tsabta.

TSARKI DA TSABTA

Duk ɗalibin da ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, da babin tsarki yake cin karo tun da wuri. Hadisai sun hana yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, sun yi umarni da rufe ƙorai da tukwane, da wanke hannu kafin a tsoma shi cikin mazubi bayan an tashi daga barci. A mazhabarmu ta Malikiyya kashin jariri da fitsarinsa najasa ne. Rangwamen da malamai suka yi wa mai shayarwa game da tufafinta na salla ne, bai sa kashin ya zama marar cuta ba. Saboda haka a zuba shi cikin masai, a wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a dama masa kunu ko a ba shi nono.

RIGAKAFI

Sai dai tsabta kaɗai ba ta isa ta tare ƙwayar Rota ba, don ko a Ingila da Amurka, inda ruwan famfo ya wadata, yara sun yi ta kamuwa har sai da rigakafi ya zo. An fara amfani da rigakafin da ake da shi yanzu a 2006, a 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukan ƙasashe su sa shi cikin tsarinsu. Nijar ta fara a 2014. Nijeriya ta ƙaddamar da nata a watan Agusta na 2022. Ɗigo ne a baki, kyauta a asibitocin gwamnati, sau uku: yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, tare da sauran alluran da aka saba.

Ga masu cewa ba a san yadda zai yi da 'ya'yanmu ba, ga amsa daga maƙwabta. A yankin Madarumfa ta jihar Maraɗi, ƙungiyar likitocin MSF, wadda ake ce wa Na-gari Na-kowa, tare da hukumomin lafiya na Nijar, ta gwada wani nau'in rigakafin mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage zawon Rota mai tsanani da kimanin kashi biyu cikin uku. Rigakafin ba ya hana kowane irin zawo, amma yana karya lagon wanda ya fi kisa.

Mun kuma ga darasi a kan shan-inna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafinta a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Da sarakuna da malamai suka tashi tsaye, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka wayi gari a watan Agusta na 2020 an tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Duk da haka akwai sauran aiki, don wani bincike na ƙasa da aka yi a 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Jihar Sakkwato suka kai ga allurar rigakafi ta uku, mafi ƙaranci a ƙasar a lokacin. Iyalan da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Ƙwanni su riƙa tafiya da katin yaro, don ma'aikacin lafiya na kowane ɓangare ya san inda aka tsaya.

Muna roƙon limaman Juma'a na Illela da Kalmalo da Araba da sauran garuruwa su sa wannan magana cikin huɗuba, malaman Islamiyya na matan aure su koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari kamar yadda suke koyar da alwala, ungozomomi da wanzamai kuma su tuna wa iyaye ranar rigakafi tun ranar suna.

Waɗanda kuma suka riga suka rasa 'ya'ya ta wannan hanya, ba mu faɗi wannan don tayar musu da miki ba. Manzon Allah kansa ya rasa ɗansa Ibrahim yana kan shan nono, idanunsa suka zubar da hawaye, bai faɗi kome ba sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Allah Ya sa waɗanda suka tafi su zama masu ceto, Ya raya mana waɗanda suka rage bisa tafarkin Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.